Rabon da Ke Ƙarƙashin Kwano

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga mahaifiyata, Mma Adiza ta Salaga, wadda ke kwance a Yendi, garin da ba nata ba. Bayan gaisuwa mai yawa da roƙon Allah ya haskaka makwancinki, ɗanki Iddi ne, daga Hambug ta ƙasar Jamus. Na san takarda ba ta isa inda kike. Amma yau jajiberin ƙaramar Sallah ne, hannuna duk maiƙon kwakwa, kuma ba ni da wanda zan gaya wa abin da ke raina sai ke.

Bana azumi ya haɗu da Kirsimetinsu. Kantuna cike da kwakwa gogaggiya, busasshiya, a leda, fara fat kamar garin rogo. Mutum ya saya ya zuba kawai. Ban saya ba. Na je shagon wasu Turkawa na sami kwakwa da ɓawonta, na ɗauka na kai kunne na girgiza. Matar da ke bayana ta tsaya tana kallona. Ni kuwa ba ruwan kwakwar na ji ba, muryarki na ji: “Wadda ba ta magana, ajiye ta, ta mutu.” Na ajiye biyu, na ɗauki ta uku.

Kin tuna yadda take iso mana? Daga Kumasi a bayan lori, ta haye ruwa a jirgin Yeji, ta iso Salaga ƙarshen azumi, masu tallar suna ihu, kube, kube, wato kwakwa a bakinsu. Ki zauna a gindin rijiyar gidanmu ki fasa, ki kankare baƙin bayanta, ki goga a magogin nan da Baba ya yi miki da gwangwani da ƙusa. Ki ɗan matse ruwan, ki shanya a tire ta sha iska. Sai madarar gwangwani mai kauri, ɗan gishiri, ɗan gyaɗar ƙamshi. Ki kwaɓa, ki mulmula a tafin hannu, ki birgima ta cikin sauran kwakwar. Shi ke nan. Ba wuta, ba tukunya.

Maƙwabta suna yi miki dariya, wai alawar malalata. Ke kuma ki ce murhu uku gare ki, ɗaya tuwo, ɗaya miya, ɗaya waina, a kan wa za ki ɗora alawa? Amma abin da bai ga wuta ba ba ya daɗewa. Kwana uku, sai ta fara tsami.

Haka na yi yau, Mma. Magogina na kanti ne, ya yanke ni sau biyu. Na farkon da na mulmula sun ƙi haɗuwa, madara ta yi kaɗan. Na ƙara. Yanzu ga su a faranti kusa da taga, ba su kai naki kyau ba, amma ƙamshin shi ne. Shi ne ma ya zaunar da ni na ɗauki biro.

Don akwai abin da kike yi in kin gama mulmula. Kowa da rabonsa, har wanda ba ya gida. Na wanda ba ya nan ki zuba a ɗan faranti, ki kife da kwanon nan mai shuɗin baki, ki ɗora saman kabad. In ya iso, ya ci abinsa. In saƙonsa ne ya iso, ko da gaisuwa ce a bakin direba, sai ki buɗe ki raba wa yaran unguwa, ki ce, “Ya amsa.” Haka kika yi wa Baba duk shekarun da yake fataucin goro. Ban taɓa tambayar abin da ke faruwa in ba mutum, ba saƙo ba. Baba bai taɓa barin a kai nan ba.

Ni na bari.

Da na koma Bawku wurin Kawu Seidu muna harkar shanu, Sallah uku a jere ban zo ba, ban aiko ba. Ba fushi nake ba, wallahi. Kasuwar Sallah ce, dabbobi na shigowa daga Burkina, kullum sai in ce gobe. Kafin azumi na huɗu kika aiko direban doya ya ce mini, “Mma ta ce ko ba ka da komai, ka kawo fuskarka.” Na ce ya gaya miki in na sayar da na hannuna zan taho.

Sai rikicin ƙabilancin nan ya tashi a yankinmu. Hanyoyi suka rufe, ƙauyuka na ci da wuta, ba mai shiga ba mai fita sai da rakiyar soja. Kina kwance da ciwon ƙirji, ba magani a gari. Sulemana, ƙanina, shi kaɗai ne namiji a gidan. Ya sami wuri a wata mota, ya ɗauke ki ta Tamale zuwa Yendi wurin Yaya Hajara, da tunanin can akwai mai duba ki. Kin kwana tara a ɗakinta. Aka binne ki kafin labari ya iso Bawku.

Na iso ranar addu'ar arba'in. Abin da na faɗa, na san kin sani, amma bari in rubuta da hannuna, don ban taɓa faɗinsa ga kowa ba tun ranar. A gaban malamai, a gaban surukan Yaya Hajara, na nuna Sulemana na ce, “Kai ka fitar da ita daga ɗakinta ka kai ta ga ajalinta.” Bai rama ba. Ya ɗago ya dube ni ya ce, “Yaya, ka ci abinci kuwa?”

Da ya zage ni, da tuni na manta.

Bayan wata biyu na fita ta iyakar Paga, na bi sahara, na bi teku, ga ni nan ina wanke tukwane a bayan wani gidan abinci, shekara ta biyar. Ban rubuta wa Sulemana ba. Na gaya wa kaina ina da gaskiya. Kuma, Mma, ba zan ɓoye miki ba, har yau akwai wani wuri a ƙirjina da ke cewa da ya bar ki a Salaga, da ko ba komai kin kwanta kusa da Baba. Wannan ban iya cire shi ba. Amma na gaji da yi wa kaina ƙarya a kan sauran. Shi ne ya goya ki zuwa mota. Shi ne ya riƙe miki kofi a hanya. Ni ina Bawku ina duba haƙoran bijimi.

Makon jiya wani ɗan Tamale ya kawo mini kaset daga Yaya Hajara. Kin san ta, ba ta rubutu, magana take yi, ta fara da wanda ya haihu da wanda ya rasu da tsadar masara. Can kusan ƙarshe muryarta ta sauya. Ta ce, “Iddi, zan gaya maka abu biyu, ka yi yadda ka ga dama da su.”

Na farko, wai Sallar nan uku da ban zo ba, ban aiko ba, ba ki ba yara rabona ba, ba ki zubar ba. Rana ta uku kika sauko da kwanon, kika shiga ɗaki, kika cinye, da tsaminsa da komai. Yaya ta taɓa kama ki, ta ce za ki ɓata cikinki. Kika ce, “Ba a zubar da rabon mai rai.”

Na biyu, wai Sulemana bai koma Salaga ba, ya zauna nan Yendi kusa da kabarinki. Da aka raba kayanki bai nemi komai ba sai kwanon mai shuɗin baki. Duk ƙaramar Sallah matarsa Fuseina ta yi alawar, shi ya ware nawa ya kife. Yaransa su yi ta zagaye kabad. Rana ta uku ya sauko da shi, ya juya musu baya.

Na kashe rediyon a nan. Na kwana biyu ban iya jin ƙarshen kaset ɗin ba. Ina wurin aiki, hannuna cikin ruwan zafi, sai in ji tsami a bakina, alhali ina azumi.

Ashe shi ya sa kike zuwar mini a mafarki ba kya cewa komai, bakinki kawai ke motsi. Na ɗauka addu'a kike yi.

A ƙarshen kaset Yaya ta faɗi lambar wani shagon waya da ke kusa da tasha, sau uku ta maimaita, a hankali, kamar mai koya wa yaro karatu. Ta ce mai shagon ya san gidan, in an kira zai aika a taho.

Mma, tsoro nake ji. Ban san me zan ce ba. Ina tsoron ya ɗauka ya sake tambayata ko na ci abinci. Kuma ban yi miki alkawarin na zama mutumin kirki a dare ɗaya ba, kin san taurin kaina, ke kika yi fama da shi. Amma na ware biyar daga cikin na yau, waɗanda suka fi kyau. Ba ni da kwano mai shuɗin baki, da murfin tukunya na kife. Na Sulemana ne.

Gobe in an sauko Idi, kafin in cire rigata, zan tsaya a rumfar waya. Ko gaisuwa kawai na iya, ta isa, ke kika kafa dokar. Sulemana ya buɗe kwanon nan a ba yara tun alawar tana da zaƙi. Bana ba wanda zai juya baya ya ci tsami saboda ni.

Allah ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki, ya sa Yendi ta zame miki gida. Ya haɗa ki da Baba a inda ba a ware rabon kowa, don kowa yana nan. Ni kuma ki yafe mini Sallah uku, Allah ya ba ni bakin da zan nemi yafiyar sauran. Amin.

Ɗanki da ya makara,
Iddi