Dokin da Ya Ɗaure Mini Hannu

Litinin, 3 ga Maris
Allah Ya ja kwanan Yaya, gwanin horon doki! Sati guda na bar masa dokina, ga sakamako: bulala biyu sun tsinke, ƙofar barga ta ɓalle, shi kuma Yaya yana ɗingishi. Ilimi ke nan. Wai, "Ƙanena, an yi maka sakiyar da ba ruwa, kira mahauci tun bai rame ba." Bargar tasa ce, don haka ya ba ni zuwa ƙarshen wata: ko sirdi ko wuƙa. Ni da na tsufa a dillancin dabbobi, a ce an sayar mini da mahaukaci? Ba inda za shi.

Alhamis, 6 ga Maris
Na shiga barga ina zuba wa dokin daɗin bakin da nake yi wa masu saye. Ya manne da bango, jiki na ɓari, ido fari fat.

Lahadi, 9 ga Maris
Ya cije ni. Kasuwa ba za ta ji ba.

Juma'a, 14 ga Maris
Yau na shiga da bokiti biyu, ina ta surutuna, ko motsi bai yi ba. Ina ajiyewa na ɗaga hannu zan rantse masa cewa ni ba mugu ba ne, sai ga shi a kusurwa. Ashe! A wurinsa duk hannun da ya tashi sama, da bulala yake saukowa. Ni kuwa ko "sannu" ban iya ba sai da hannu. Yanzu a aljihu nake cusa hannuwan. Uwar yara ta leƙo ta ce, "Maigida, ko a ɗinke aljihun ne mu ma mu huta?"

Laraba, 26 ga Maris
Hannu a ɗaure, magana ma ta ƙi fita. Zama kawai nake a kan turmi, yana cin ciyawarsa. Yau ya tako da kansa, ya hura mini iska a wuya. Na yi kamar ban ji ba. Sirdi dai tukuna.

Litinin, 31 ga Maris
Ya ɗauki sirdi, a gaban Yaya. Yaya ya duba sama ya ce kamar za a yi ruwa.

Asabar, 5 ga Afrilu
Yaya ya kawo mai saye, mutumin da bulala a hammata, ya yi tayin da ko a mafarki ba zan ƙi ba. Na buɗe baki zan yabi kayana, sai na ji kaina ina cewa yana cizo, yana harbi, ƙafarsa ta baya ma ban yarda da ita ba. Mutumin ya kama hanya. Yaya ya ce na haukace. Ba wani abu ba ne, farashi nake jira ya tashi. In ba haka ba, wane dillali ne ke kushe hajarsa?