Kada Ki Yaga Takardar Nan

Zuwa ga 'yata,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa, tare da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da mamanki da maigidanki. Allah Ya ba Kaka sauƙin gwiwar nan. Ki ce mata in ta ci gaba da ƙin riƙe sanda, ni ma zan daina shan maganina, mu ga wanda zai fara gajiya. Ni nan sai godiya. Bayana ne dai kullum yake tuna mini cewa shekara ashirin da biyu ke nan ina ɗaga kwalin kifi a sito mai sanyi.

Mamanki ta gaya mini a waya cewa shugaban ɗakin maganinku ya rubuta miki takardar shaida don neman matsayin mai kula da sito, a ciki ya ce ke shrewd ce, wata ƙawarki kuma ta fassara miki da mai wayo. Wai har kuka kika yi, kika rantse ranar Litinin za ki yaga ta a gabansa. Haba 'yata! Tsaya ki ji.

Wayo a bakinmu fuska biyu gare shi. In an ce yaro ya yi wayo, murna ake yi. In an ce wane ya yi mini wayo, to an cuce ni ke nan. Su masu harshen Turancin sun raba. Mai wayon cuta cunning suke ce masa, ko sly. Shrewd kuwa na mai kaifin basira ne, wanda ba a iya yi masa rufa-ido. Ba zan ɓoye miki ba, kalmar ba ta da taushi kamar a ce mai kirki. Ana girmama mai ita, ana kuma taka-tsantsan da shi. To wa ake so ya riƙe makullin sito in ba irinsa ba? Ba ke ce kika gane kwalayen da aka sake wa kwanan wata ba, daga launin tawada kawai?

Shekaru tara da suka wuce na ji ƙarar injin sanyi ta canza, na matsa aka kwashe kifin kafin ya tsaya. Manaja ya faɗi kalmar nan ta shrewd a kaina gaban ma'aikata, yana murmushi. Ni kuwa da guntun Turancina na ɗauka habaici ne. Na cire safar hannu na jefar, na ce masa gidanmu ba a haifi macuci ba. Ashe sunana yake shirin kaiwa a ba ni shugabancin sashe. Aka ba wani. Har yau abin na yi mini ɗaci, amma mutumin bai zalunce ni ba, wanda aka ba ɗin ma ya iya aikinsa. Tambaya ɗaya ta ishe ni a ranar, girman kai ya hana.

Saboda haka ki kai takardar yadda take, ko harafi ɗaya kada a taɓa, ki kuma yi wa shugabanki godiya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, kuma mutum ɗaya ya isa ya faɗa ramin nan a zuri'armu.

Ki gaishe mini da Yaya Babba, da Gwaggo, da Auta. Ƙawar taki ma ki gaishe ta, kada ki riƙe ta a zuciya. Iya saninta ta faɗa.

Naki har kullum,
Kawunki