Sunan da ke Kan Takardar Wuta

Santa Rita da Serra, 12 ga Mayu

'Yata Ivonete,

Allah ya yi miki albarka, ya tsare ki a wannan birni naku mai hayaniya. Ina fatan kina lafiya, ke da mijinki da yaran. Mu nan sai godiya. Sanyi ya fara sauka, kaji sun rage ƙwai.

Ga cuku biyu na ba Seu Quinzinho direba ya kawo miki. Ki duba da kyau, in kin ga gefen ɗaya ya zaizaye to shi ne. Mutumin nan ba ya iya tafiyar awa biyar da cuku a mota bai ɗanɗana ba. Alewar gwaiba kam ban yi ba bana, gwaibar duk tsutsa ce.

Maganar wuta ce ta sa na ɗauki biro. Tunda ke kike biya daga bankinki, gara ki ji daga wurina kafin ki gani ki zube ƙasa. A watan Fabrairu wani mutum ya zo da farar riga da jaka, ya zauna a kicin ya sha gahawa kofi uku. Ya ce kamfaninsu na da fili guda cike da farantan hasken rana a can arewa, duk wanda ya koma wurinsu za a rage masa kuɗi, kuma ba a taɓa waya ba a taɓa mita. Ƙaninki Valdeir yana wurin, ya ce ba laifi. To yanzu takarda biyu ke zuwa, ta tsohon kamfani da ta sabo, in an haɗa kuɗin ya kai real ɗari shida da arba'in. Da can ɗari da talatin ne, kin sani.

Ni dai tun farko takalmin mutumin nan bai kwanta mini ba, ya cika ƙyalli. Ga takardun na sa miki a ƙarƙashin cukun. Ki biya kawai, kada ki ɗaga hankalinki.

Kada ki wahalar da kanki da kiran waya. Kunnena ya yi nauyi, ba na jin komai a cikinta sai shuuu. Ki riƙa rubutowa.

Mahaifiyarki,
Ercília

Belo Horizonte, 16 ga Mayu

Mama,

Ki sa mini albarka. Cuku ya iso, na gode, kuma gefen ɗaya ya zaizaye kamar yadda kika ce.

Mama, kin ce kada in ɗaga hankali. Kin karanta saman takardar nan kuwa? Shekara tara da rasuwar Baba, sunansa ne a kai, Anacleto, kamar yadda rabin garin ke barin sunan mamatansu ba wanda ya ce uffan. Yau na duba na ga Valdeir. Wa ya ba shi izini?

Kin fi ni sanin abin da takardar wuta take nufi a ƙasar nan. Banki ita suke tambaya, makaranta ita, kotu ita. Duk wanda ya tara ta shekaru da sunansa, sai wata rana ya miƙe gaban alƙali ya ce ai shi ne mai gida. Haka aka yi wa 'ya'yan Seu Onofre, kina kallo. Kuma wannan Valdeir ɗin ne ya sayar da saniyar Baba kwana goma bayan jana'iza bai tambayi kowa ba.

Sannan ƙwan fitila biyar, firji ɗaya, rediyo ɗaya, su ne za su ci real ɗari shida? Sai dai in an ja waya daga mitarki zuwa ɗakinsa na baya. Ki leƙa bayan kicin ki gani.

Maganar kunne kuma, a Kirsimeti kina kicin kika jiyo abin da na raɗa wa mijina a baranda. Yaushe ya lalace haka? Na biya na wannan watan. Ga wata takarda daban, ki ba shi.

'Yarki mai ƙaunarki,
Ivonete

Belo Horizonte, 16 ga Mayu

Valdeir,

Gaisuwa. Ka san ba na rubuto maka don nishaɗi, kuma lambarka tana nan a toshe yadda na bar ta. Tambaya uku ce. Me ya sa aka cire sunan Baba aka sa naka? Me kake kunnawa a ɗakin baya? Nawa mai farar rigar ya ba ka don ka sa tsohuwa ta yarda?

Ka amsa a rubuce, ina ajiye komai.

Ivonete

Santa Rita da Serra, 25 ga Mayu

Nete,

Ina gaishe ki, ki gaida yara. Kin san rubutu ba sana'ata ba ce, hannun tatsar shanu gare ni.

Sabon kamfani ba ya ƙulla yarjejeniya da mamaci, shi ya sa. Ba wanda ya ba ni ko sisi. A ɗakina akwai fitila da cajar waya, ki zo ki ƙirga. Sanyi ya shigo, na mayar da shawar wanka kan zafi sosai, kin san yadda take shan wuta. Wataƙila ita ce.

Saniyar nan kuma, da kuɗinta aka biya bashin akwatin gawar Baba. Na faɗa miki sau nawa.

Ki dai riƙa biya a kan lokaci. Shi kaɗai nake roƙonki.

Valdeir

Belo Horizonte, 14 ga Yuni

Mama,

Ki sa mini albarka. Ina fatan sanyi bai matsa miki ba. Na aiko miki da bargo ta hannun Seu Quinzinho, mai ruwan ƙasa.

Takardar wutar wannan watan ta zo, ɗari bakwai da goma. Na ɗauki hutun rabin yini daga makarantar da nake aiki na tafi ofishin sabon kamfanin. Suka ba ni lamba, na zauna awa biyu. Wata mai jan farce ta ce su ba ruwansu, abin da mita ta ce shi suke rubutawa, in je wurin tsohon. Na je wurin tsohon, suka ce in koma wurin sabo. Na ce yau ko ni ko ku. Da na buga tebur sai wani dattijo ya fito daga ciki, ya ba ni ruwa, ya buɗe mini lissafin gidan wata bayan wata.

Mama, ya ce mitar lafiyarta lau, kuma sabon kamfanin har ya ɗan rage wani abu, ba yawa dai. Ya ce tun watan Maris gidan nan ya fara shan wuta ninki biyar. Na ce masa shawa ce. Ya yi dariya ya ce sai dai in duk garin ke wanka a gidan. A ganinsa akwai wani abu da ke aiki kusan yini guda ba a kashe shi.

To ɗanki ya yi mini ƙarya kenan. Ko firiza ce ya ajiye yana sayar da nama, ko injin wani yake boyewa, ni ke biya, sunansa na taruwa a kan takarda. Ni ba sakarya ba ce. Na kai ƙorafi ofishin masu kare haƙƙin masu saye, kuma na umarci banki ya daina biyan duka biyun har sai an mayar da suna an gano abin da ke shan wutar. In sun yanke, su yanke. Kina da murhun itace, kina da kyandir, kin yi shekara ashirin haka kafin a kawo wuta garin. Shi ne zai ji a jikinsa.

In kuma ya fi ƙarfinki, ɗakin 'yata Larissa yana nan, za ta koma wurin ƙanwarta. Na sha faɗa miki.

'Yarki,
Ivonete

Santa Rita da Serra, 19 ga Yuni

'Yata,

Allah ya yi miki albarka. Bargo ya iso, yana da laushi.

Ki biya takardar nan, Ivonete. Ni na haife ki, ni nake gaya miki. Ba firiza, ba nama. Ƙaninki bai cuce ni ba. Tun kina ƙarama haka kike, in kika kama abu sai kin ga abin da ke cikinsa, har agogon Babanku kika kwance.

Ɗakin Larissa kuma ki bar wa yarinya ɗakinta. Dona Cotinha maƙwabciyata 'ya'yanta suka ɗauke ta zuwa birni don su kula da ita. Hawa na tara. Wata uku tana kallon bangon wani gida ta taga, aka dawo mana da ita a akwati. Ni a nan zan zauna.

Ba cuku wannan karon. Hannuna ya gaji, zan tsaya.

Mahaifiyarki

Belo Horizonte, 27 ga Yuni

Mama,

Ki sa mini albarka. Na karanta takardarki sau uku. Rubutun naki ne, amma maganar ba taki ba ce. Ke da kike cika shafi huɗu da labarin kaji da na wanda ya yi barci a coci, yau layi goma? Yana tsaye a kanki kika rubuta? In haka ne, ki ɗiga gahawa a gefen takarda ta gaba, zan gane.

Na kira wayarki sau shida ranar Lahadi, ba a ɗauka ba. Na tambayi Seu Quinzinho ko ya gan ki, ya ce Valdeir ke miƙo masa saƙo a bakin ƙofa tun watan Maris, kuma kullum tagar ɗakinki a rufe. Wannan abu bai yi mini ba.

Ban biya ba, kuma ba zan biya ba sai na ji gaskiya.

Ivonete

Santa Rita da Serra, 8 ga Yuli

Nete,

Gaisuwa. Mama ba ta san ina rubuta wannan ba. Ta sa na rantse a gaban hoton Baba ba zan gaya miki ba, yau na karya.

Jiya aka kawo takardar gargaɗi. Ranar ashirin da biyu za su yanke.

Abin da ke shan wutar yana ɗakin Mama, gefen gadonta. Injin iskar numfashi ne, girmansa kamar ƙaramar durowa, asibitin gunduma suka ba mu aro. Awa goma sha takwas take yi da robarsa a hanci kowace rana. Likita ya ce huhunta ne, hayaƙin murhun itace na shekara hamsin, da tsayuwa kan tukunyar tagulla tana juya alewa. Gwaiba ba ta yi tsutsa ba, Nete. Ta cika bishiya ta zube, ni na share.

Kunnenta ya fi nawa ji. Ba ta ɗaukar waya ne don ba ta iya kai ƙarshen magana ba ta tsaya ta ja iska ba, kuma injin yana gurnani, za ki ji. Wasiƙar farko kwana uku ta yi tana rubuta ta don ta yi kama da ta da.

Tun Fabrairu likita ya ce injin na tafe, ya ce mu shirya wa kuɗin wuta. Shi ya sa da mai farar rigar ya zo na ce mu gwada. Na ɗauka ragin zai rufe bambancin yadda ba za ki lura ba. Lissafina bai yi ba. Sunan kuma, ita ba ta iya zuwa birni ta bi layi, sai na sa nawa. Na kai takardar likita don a sa gidan cikin na marasa lafiya da ake yi wa rangwame ana kuma lura da su kafin a taɓa wutarsu. Sun ce hatimin bai fito sosai ba, in sake kawowa. Na kai, har yau shiru.

Na nemi rance wurin mai gonar da nake tatsa, ya ce sai ƙarshen wata. Ƙarshen wata ya yi nisa. Tulun iska na ajiya da muke da shi ba ya wuce awa shida.

A takardarki ga Mama kin ce ina so in ci gida. Na ji zafin maganar, ba zan ɓoye miki ba, na yi kwana biyu ban iya cin abinci ba. Gidan nan rufinsa na yoyo wuri uku. Ki kawo kowace takarda in sa hannu cewa ba nawa ba ne. Ki biya wutar kawai. Kuma don Allah kada ki zo da mota ki ce za ki ɗauke ta. A ranar jana'izar Baba kika ce duk ranar da ta kwanta ciwo birni za ta koma, ba ta manta ba. Abin da ya sa ta yi miki ƙarya kenan, ni kuma na taya ta.

Ƙaninki,
Valdeir

Belo Horizonte, 11 ga Yuli

Deir,

Na biya duka da safen nan, ga shaidar a ciki, ka manna ta jikin mita. Na janye ƙorafin. Na koma wurin dattijon nan da maganar hatimi, ya ce zai bi ta da kansa. Ka bar sunan yadda yake.

Ranar Asabar zan biyo Seu Quinzinho, ni kaɗai, da jakar kayan mako biyu. Ka gaya mata ba ɗaukar kowa zan zo yi ba. Ka nuna mini yadda ake wanke robar.

Na buɗe lambarka. Gobe da ƙarfe huɗu zan kira, ka kai mata wayar kusa. Ba sai ta ce komai ba, kuma kada ka kashe injin. Ina so in ji.

Yayarka,
Nete