Taku Goma Sha Biyun da Na Ƙara wa Dagny

Litinin, 13 ga Agusta, 1945
Madsen na ofishin tashar jiragen ruwa ya karanta mana takarda a bakin ruwa. Wai gwamnatinmu ta Denmak za ta shiga yarjejeniyar jiragen ruwa ta waɗanda suka ci yaƙi. Ba a shiga da baki kawai. Sai ta miƙa sunan duk jirgin da ya kai tan ɗari biyar, mutanen Landan su tura shi inda suka ga dama. Ƙananan ba ruwan kowa da su.

Laraba, 15 ga Agusta
Ƙanena Laurits sai washe baki yake. Dagny a takarda tan ɗari huɗu da tamanin ce, ta tsira. Jirgin ubanmu. Shi ya yi makaranta aka ba shi jirgin, ni aka bar ni da guduma ina gyaran jirage. Ya wuce ni a mota: "Yaya Rasmus, har yanzu warin kwalta kake?" Mutane suka yi dariya.
Ya manta wa ya yanke ta a tsakiya ya ƙara mata taku goma sha biyu. Shekara sha huɗu ke nan, ba wanda ya sake auna ta.

Asabar, 18 ga Agusta
Na je wurin Madsen na gaya masa zancen taku goma sha biyun. Ya ce, "Tsoho, ka tabbata? Gidanku ne fa." Na ce awo ba shi da gida. Na dangwala hannu.

Talata, 4 ga Satumba
An auna. Ɗari biyar da talatin! Na ci kifi biyu yau.

Lahadi, 23 ga Satumba
An ba Dagny dakon kwal ta gabas, inda ba a gama kwashe nakiyoyi ba. Laurits ya bi ofis ofis, an ce sunan ya riga ya tafi Landan, ba mai goge shi. Ɗansa Ejnar ne kyaftin. Ya tare ni a ƙofar coci, ya ce, "Baffa, ɗinkin da ka yi mata zai riƙe ko?" Da wasa ya faɗa, bai san komai ba. Na ce aikina bai taɓa yoyo ba.
Ai ba ni na zaɓi hanyar ba.

Alhamis, 11 ga Oktoba
Nakiya ta tashi da Dagny. Mutum tara a ciki. Uku aka tsamo, ba Ejnar.

Lahadi, 14 ga Oktoba
Laurits ya zo gidana, karon farko cikin shekara ashirin. Bai zauna ba. Ya ce ya ga dangwalena a takardar Madsen. "Jirgin kake so, Yaya? Yana ƙasan teku, je ka ɗauka."
Na ce da ka bi doka tun farko, da ɗanka bai tuƙa jirgin ƙarya ba. Haka na faɗa masa. Gaskiya ce kuma.

Asabar, 20 ga Oktoba
Matar Ejnar ta tsallaka titi da ta hango ni. Cikinta ya tsufa. Wa ya ce ina son gaisuwarta?

Juma'a, 2 ga Nuwamba
Madsen ya zo da sabon jerin sunayen jirage daga birni. Wai an ji na taɓa ƙara wa jirgin Hansen tsawo, in zo in shaida. Hansen ɗin da ya kira ni jaki a gaban jama'a. Taku tara na ƙara, har ƙusoshin ina tunawa. 'Ya'yansa biyu suna cikin jirgin.
Na ce na tsufa, ban tuna ba. Madsen ya daɗe yana kallona, ya naɗe takardarsa.
Ba don Hansen ba ne. Ƙafata ke ciwo, ofishin kuma da nisa.