Abin da Na Faɗa wa Na'ura Game da Ruwan Guri

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan Allah Ya kai haske makwancinki.

Kwana uku ke nan ina buɗe littafin da nake rubuta al'amuran yini, in rufe ban sa komai ba. Shi ya sa na juyo gare ki.

Kin bar ni ina karanta ma'aunin ruwa a bakin kogin Haɗeja. Yanzu ofis ya ƙara mini aiki: ina huda umarni a jikin kati, a kai Kano, kwamfuta ta lissafa ranar da ambaliya za ta iso kowace fadama.

Da can layi-layi na'urar take karanta umarnin, tana tsayawa tana duba kowace lamba. Awa ɗaya ake ba mu a mako, takan ƙare ba mu gama ba. Sai aka koya mini wata hanya: a juya umarnin gaba ɗaya zuwa harshen na'ura tun kafin a soma. Amma sai ka faɗa mata tun farko abin da ba zai taɓa faruwa ba, don ta daina dubawa. Na ce mata ruwa gabas kawai yake tafiya. Aikin awa ya koma 'yan mintoci, har shugaba ya yaba mini.

Ni da na tashi a Guri, Inna! Sau nawa na tsaya bayanki a mashigin gonarmu, kin jefa kara a ruwa, kina cewa, "Duba, Habu, yau baya ya juyo."

Ran Litinin mai kula da ma'aunin Guri ya aiko cewa ruwa ya fara komowa. Na'ura ba ta san da wannan ba. Takardarta ta ce saura mako uku ambaliya ta iso, kuma tana hannun dagatai. Yaya Sale ya bar shinkafarsa ta ƙara nuna, don ƙaninsa ne ya yi lissafin.

Sau huɗu na sake lissafin da hannu. Kwana shida nake samu. In na ce manoma su yanka, ruwa bai zo ba, na sa su yankan ɗanya. In na yi shiru, kin san sauran.

Ɗazu na faɗa wa shugaba. Makullin akwatin katin kawai ya karɓa. An jima zan hau motar Guri in gaya wa Yaya da bakina. Da kina nan, ke zan roƙa ki shiga gabana.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sa Aljanna ce makomarki, Ya riƙe ruwan nan har lauje ya gama aikinsa.

Ɗanki,
Habu