Ragon Jakada Ya Tsufa a Turkena

Zuwa ga Mai Girma tsohon ɗan majalisa, tsohon ƙaramin minista, kuma jakadan da ya taɓa kawo mana ziyara daga ƙasar Yukren,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa, ina yi maka jaje a kan yaƙin da ke cin ƙasarku. Muna ji a rediyo, kuma wallahi abin yana taɓa mana rai. Ni ne Iro, manomi a Kwandiko ta ƙaramar hukumar Gwaram, wanda ya riƙe igiyar rago a ranar da ka zo garinmu. Na san ba ka tuna ni ba. Maganar ragonka ce ta sa na rubuto.

Na farko. Tun kafin yaƙi ka zo da tawaga duba filayen noman rani. Ka durƙusa ka damƙi ƙasa ka murza, ka ce ta bakin tafinta alkamar ƙasarku za ta yi kyau a nan, kuma za ka sa a kawo mana irinta. Mu kuwa baƙo ba ya barin garinmu hannu rabbana. Dagaci ya sa aka nemo farin rago balami aka miƙa maka. Duk cikinmu babu wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa mai hawa jirgin sama ba ya tafiya da rago. Ka shafa kansa, aka ɗauki hoto, ka ce a ajiye maka shi, za ka dawo ka ɗauka. Sai daga baya surukina Malam Sabo, wanda ke koyarwa a Birnin Kudu, ya fahimtar da ni cewa a irin aikinku haka ake cewa a'a. Mu a nan, wanda ya ce a ajiye masa, amana ya bayar. Dagaci ya dubi jama'a ya ce ni na fi kowa iya kiwo, ni kuma da murnata na ja ragon gida.

Na biyu. Kada ka ɗauka mun manta da kai. Malam Sabo yana duba mana labarinka a waya. Mun ji an mayar da kai gida an ba ka minista, na ƙara wa ragon dusa don murna. Mun ji an sauke ka, na ce to yanzu ya sami sarari, zai zo. Mun ji ka bar jam'iyyarka ka koma wata, a nan ne muka gane ashe 'yan siyasa ko'ina uwarsu ɗaya. Sai kuma aka sake tura ka jakadanci wata ƙasa. An nuna mini kai a wani taro kana buga tebur, wai dole ne ƙasashe su cika alkawarin da suka ɗauka. Gaskiya ka faɗa, ranka ya daɗe. A daidai lokacin ragonka yana cin harawar da na tanadar wa awakina.

Na uku. Irin alkama bai iso ba har yau, kuma ban zo yin ƙorafi a kansa ba. Amma don kada a ce ziyararka ba ta amfane mu ba, ina shaida maka ragonka ya gyara irin tumakin garin nan. Daga Maruta ma ana kawo masa tumaki. Wannan shi ne kaɗai aikin raya karkara da tawagarku ta bari, kuma shi ya yi abinsa ba tare da an kafa kwamiti ba.

Na huɗu. Ya ɗauki halin manya. Sunansa Jakada, ba ya amsa wani. Ya tunkuyi mai ɗakina Asabe har ta yi jinyar ƙugu, ya tsinke igiya ya shiga lambun maƙwabcina ya share masa albasa. Da aka kai ƙara wurin dagaci, sai ya ce kayan baƙo ne, a yi haƙuri. Ashe kariyar nan da ake ba jakadu har dabbobinsu tana bi. Kowace Babbar Sallah ina kallonsa yana kallona, akwai shekarar da ban sami abin layya ba alhali ga ƙaton rago a turkena.

Na biyar, kuma nan ne ba wasa. Na je wurin liman na tambaye shi ko zan iya yanka shi tunda mai shi ya yi nisa. Ya ce, "Malam Iro, mai shi yana raye kuma an san inda yake. Amanar wanda ba Musulmi ba ma amana ce." Yanzu ragon ya tsufa, haƙora sun zube, sai na jiƙa masa dusa kamar kunun jinjiri. In na yanka na ci amana. In na bari ya mutu mushe, na tozarta kayanka. Ni ma ƙafafuna sun fara kumbura, ina zaryar asibiti, kuma 'ya'yana sun faɗa mini a fili cewa gona za su gada, ban da rago. Masu zaman majalisar bakin kasuwa har musu suke yi a kan wa zai riga wani mutuwa tsakanina da ragon. Ina dariya tare da su, amma tsoro nake ji. Ba na son in sadu da Ubangijina da kayan wani a wuyana.

Don haka ga roƙona. Ka zo ka ɗauki ragonka, ko ka turo wakili. In yaƙi da ayyuka sun hana, ka aiko da kalma uku ta hannun duk wanda ka yarda da shi: na bar maka. Ba na neman ladan kiwo, ba na neman taron manema labarai, kuma don Allah kada a ce za a duba.

Allah Ya kawo ƙarshen yaƙin ƙasarku, Ya mayar da kowa gidansa lafiya, Ya ƙara maka girma, Ya ba ka ikon cewa a'a a inda a'a ta dace. In amsarka ta iso ta tarar ɗayanmu ya riga ya tafi, a karanta wa wanda ya rage.

Wassalam, daga mai yi maka kiwo ba da son ransa ba,

Iro Manomi,
Kwandiko, Gwaram.