Surukina Zai Share Min Kwamfuta

'Yata mai filin nan, ki taimaka ki raba ni da mijin 'yata ta cikina. Ban yi boko ba, maƙwabcina ke rubuta min, na kuma ce kar ya gyara ko kalma ɗaya.

Gyaran agogo na yi har ido ya gaza. Shi surukin nawa ya kawo min kwamfuta, a ciki nake kallon hotunan marigayiya matata, har da muryarta tana min faɗa kan shan shayi. Yanzu kullum sai ta fito da wani rubutu, ta ƙi sabuntawa. Ya duba, wai wani ɗan lungu da take tashi daga ciki ne ya cika da tsofaffin “kanel”, sai an share. Share! Mutumin da ya zubar min da gwangwanin tsofaffin ƙusoshin agogo ranar da muka tashi daga tsohon gida, wai shara ce, har yau bai ce in yi haƙuri ba. Duk abin da ya tsufa shara ne a wurinsa, saura ni. Na rufe kwamfutar da zane, na hana shi taɓawa. 'Yata ta yi fushi, ta rage zuwa. In ya share min muryar uwarta fa?

Tsohon mai agogo

Baba, sannu da fama. In ka sa wa agogo sabon sifirin, kana cusa tsohon a ciki ka rufe? Abin da kwamfutarka ke yi ke nan. Kanel shi ne ke tada ta. Duk sabuntawa sai ta kawo sabo, ta ajiye tsohon a lungun nan har ya cika. Hotunan Mama da muryarta suna wani ɓangaren daban.

A nan surukinka ya yi gaskiya. A gwangwani kuwa kai ne mai gaskiya, ya kamata ya ba ka haƙuri. Ka kira shi, ya fara kwafe maka komai na Mama a filas, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, ka saka a aljihunka. Sannan ya share tsofaffin kanel ɗin kana zaune, ya bar wanda take aiki da shi da wanda ya gabace shi, saboda tsaro. Ka ga ita ma tana ajiyar tsoho, ɗaya dai ya ishe ta.

Ka yaye zanen nan, Baba, ka dafa wa 'yarka da mijinta shayi. Allah Ya jiƙan Mama, Ya bar mana kai da rigimarka.